Illar Ƙarancin Awon Magani Ga Masu Ciwon Rashin Natsuwa

Kusan kowane malamin makaranta da ya daɗe yana koyarwa ya san wani irin yaro wanda ba ya iya zama wuri ɗaya. In an zaunar da shi a benci sai ya yi ta mutsu-mutsu, ya taɓa wannan ya tsokani wancan. In an yi tambaya ya kan amsa tun malam bai rufe baki ba, in kuwa aka aike shi kasuwa sayen abu uku, da ƙyar ya komo da ɗaya. Akwai kuma wani irin, galibi yarinya, wadda ba ta da ɓarna ko kaɗan, tana zaune shiru, amma hankalinta yana wani gari, littafinta ya ɓace, aikin jiya ba a gama ba. Mutane su kan ce ƙiriniya ce, ko kunnen ƙashi, ko daƙiƙanci, su nemi gyara da bulala. Ga yara da yawa lalle ƙuruciya ce, za ta wuce. Amma ga waɗansu abin ya fi ƙarfin ƙuruciya, ciwo ne sananne ga likitoci, wanda su ke taƙaita sunansa da haruffa huɗu, ADHD. A nan za a kira shi ciwon rashin natsuwa.

Ciwon ba sabo ba ne, ba kuma na wata ƙasa ɗaya ba. Tun a shekarar 1902 wani likitan yara na Ingila, George Still, ya yi wa 'yan'uwansa likitoci bayani a Landan game da waɗansu yara masu cikakken hankali, amma ba su iya kame kansu. Da aka tattara binciken ƙasashe da yawa a 2007, aka ga kimanin yara 5 cikin kowane 100 suna da shi, watau a aji mai yara 60 ana iya samun kamar 3. Yawancinsa gado ne, da yawa kuwa su kan girma da shi har su yi iyali. Abin da wannan darasi ya shafa shi ne maganinsa, musamman abin da ke faruwa in ana ba da maganin amma bai kai awon da ya kamata ba.

YADDA AKA GANO MAGANIN

Da katari aka gano shi. A shekarar 1937 wani likita Ba'amurke, Charles Bradley, yana lura da wani gidan jinyar yara a gabashin Amurka. Akwai wani irin awon ƙwaƙwalwa da a ke yi a zamanin, wanda kan bar yaro da ciwon kai mai tsanani, sai ya ba yaran wani magani mai suna Benzedrine, dangin amfetamin, da fatan ya sauƙaƙa musu. Ciwon kai dai bai ji magani ba, amma malaman yaran suka zo da labari mai ban mamaki, wai yaran da ba su zama sun zauna, sun kama aiki. Cikin yara 30 da ya ba da rahotonsu, kusan rabi sun sāke ƙwarai wajen karatu, har yaran da kansu suka riƙa kiran maganin ƙwayar lissafi. Bayan shekara 7, a 1944, wani masanin haɗa magunguna a birnin Basel na Suwizalan, Leandro Panizzon, ya haɗa metilfenidet, aka sa masa sunan kasuwa Ritalin saboda matarsa da a ke kira Rita. Waɗannan dangi biyu, amfetamin da metilfenidet, su a ke kira magungunan zaburar da ƙwaƙwalwa, su ne kuwa ginshiƙan jinyar wannan ciwo har yau.

Mai karatu zai yi mamaki, ya ce yaya za a ba yaron da ya hana kowa sakat maganin zaburarwa, ba ƙara wa wuta itace aka yi ba? To, ga yadda abin ya ke. A goshin ƙwaƙwalwa akwai sashen da ke riƙe da linzami, shi ke hana mutum faɗin abin da ya fara zuwa bakinsa, shi ke tsare hankali bisa aiki ko da aikin ba daɗi. Jijiyoyin wannan sashe suna aika wa juna saƙo da waɗansu sinadarai guda biyu, dofamin da noradirenalin. Ga mai wannan ciwo saƙon ba ya tafiya sosai. Metilfenidet kan hana jijiya saurin zuƙe sinadarin bayan ta sake shi, sai ya daɗe yana aiki. Watau doki lafiyarsa lau, mahayin ne ke gyangyaɗi, maganin kuwa mahayin ya ke farkarwa.

Akwai abu ɗaya da ya kamata a riƙe tun yanzu, don duk sauran bayani a kansa ya rataya. Maganin ba ya warkar da ciwon. Misalinsa kamar tabarau ne ga mai raunin ido, in yana fuska ana gani, in an cire gani ya koma yadda ya ke. Ƙwayar metilfenidet ta asali ta kan fara aiki bayan kamar rabin sa'a, ta ƙare cikin sa'a 3 zuwa 4. Akwai kuma masu dogon aiki, waɗanda su kan kai sa'a 8 har 12.

AWON DA YA ISA

Yawancin magungunan yara a sikeli a ke auna su, watau a duba nauyin yaro a ba shi daidai da shi. Wannan magani bai bi wannan ƙa'ida sosai ba. A kan sami ƙaramin yaro mai bukatar awo babba, a sami ƙato wanda ɗan kaɗan ya ishe shi. Saboda haka likita ba ya iya sanin awon kowa ranar farko. Ya kan fara da kaɗan, kamar miligiram 5 sau ɗaya ko sau biyu a yini, sa'an nan ya riƙa ƙarawa mako mako yana jin ta bakin iyaye da malamin aji, har a kai inda natsuwa ta samu ba tare da maganin ya dami yaro ba. Ga ƙwayar asali ba a cika wuce miligiram 60 a yini ba. Awon farko, ashe, na gwaji ne kawai, don a ga ko jiki ya karɓa. Ba a nufin a zauna a kansa.

Amma yara da yawa a nan su ke zama. An rubuta awon farko, iyaye sun ga ɗan sauƙi sun yi murna, asibiti da nisa, layi da tsawo, ba su koma ba, sai dai a riƙa sabunta tsohuwar takarda. Wani kuwa an daidaita masa sosai yana ɗan shekara 7, ga shi ya kai 11, jiki ya ƙaru, aikin makaranta ya ƙaru, awo yana nan inda aka bar shi. Wani ana ba shi ƙwayar safe kaɗai, da hantsi ya yi ta gama aikinta, darasin rana da karatun maraice duk ya yi su haka nan. Wani kuma an rubuta masa ta tsakar rana, amma ba mai ba shi a makaranta, ko kunyar abokai ta sa ya jefar.

Akwai kuma ragin da iyaye ke yi da gangan. Waɗansu don tsada, su raba ƙwaya biyu don kwalba ta kai wata biyu, ko su ajiye ta sai lokacin jarrabawa. A ƙasashen Afirka da yawa maganin yana da tsada, yana kuma da wuyar samu. Waɗansu kuwa don tsoro, tsoron nan ba a rasa dalilinsa ba. Duk wanda ya ga abin da tiramadol da ruwan kodin suka yi wa samari a garuruwan Arewa, har Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018, in aka ce ya ba ɗansa ƙwaya kullum dole gabansa ya faɗi. Gaskiya ne kuma metilfenidet da amfetamin suna cikin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta tsananta tsaronsu, don mai neman maye yana iya ɓata su. Sai dai binciken da aka yi bisa yaran da suka sha bisa umurnin likita bai nuna cewa ya ƙara musu shaye-shaye da suka girma ba, waɗansu binciken ma raguwa suka gani. Ciwon kansa, in an bar shi, shi ne aka sani yana jan matashi zuwa ga taba da kayan maye, saboda gaggawa da rashin kamewa.

ABIN DA BABBAN BINCIKE YA NUNA

A shekarar 1999 aka bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada, wanda a ke kira MTA. An ɗauki yara 579 masu ciwon, 'yan shekara 7 zuwa 9, aka kasa su kashi huɗu da ƙuri'a, aka bi su wata 14. Kashi na farko aka ba su magani da lura sosai. Na biyu aka koya wa iyayensu da malamansu dabarun tarbiyya. Na uku aka haɗa musu duka biyu. Na huɗu kuwa aka ce su koma su nemi jinya wurin likitocin garinsu yadda kowa ke yi.

Abin lura a nan shi ne kashi na huɗun nan ba a hana su magani ba. Biyu cikin ukunsu sun samu, galibi ma metilfenidet ɗin nan dai da aka ba na farko. Amma da aka zo ƙarshe, waɗanda suka natsu har suka yi kusan daidai da sauran yara sun kai 56 cikin 100 a kashi na farko, 68 a kashin da aka haɗa wa duka biyu, 34 a kashin tarbiyya kaɗai, a na huɗu kuwa 25 tak.

Magani ɗaya, me ya kawo wannan rata? Yaran kashi na farko an shafe kwana 28 ana gwada musu awo iri iri, iyaye da malamai suna rubuta abin da suka gani kullum, kafin a zaɓi wanda ya dace da kowa. Suna sha sau 3 a yini, har da na yamma, likita kuma yana ganinsu kowane wata, yana jin ta bakin makaranta. A ƙarshe matsakaicin awonsu ya kai kamar miligiram 38 a yini. Na likitocin gari kuwa kamar miligiram 23 ne, galibi sau 2 a yini, ganin likita kuma bai wuce sau biyu ko uku a shekara ba. Ga shi dai kowa yana iya rantsuwa ɗansa yana shan magani, amma na wani ya kai, na wani bai kai ba.

INDA ILLAR TA KE

Mutane sun saba jin cewa wanda ya sha rabin maganin tarin fuka ko na zazzaɓin cizon sauro ya jawo wa kansa, don ƙwayoyin cuta su kan saba da maganin su daina jinsa. Nan ba haka ba ne, don babu ƙwayar cutar da za ta saba. Ƙaramin awo ba ya lalata ƙwaƙwalwa ko hanta, ba ya kuma hana awon da ya dace yin aiki ranar da aka kai gare shi. Ko bayan shekara 5 aka gyara, natsuwa ta kan zo cikin 'yan kwanaki. Abin da ba ya dawowa shi ne shekara biyar ɗin, da abin da aka yi ko aka kasa yi a cikinsu.

A ɗauki misalin yaron da aka fara wa magani yana aji biyu, aka bar shi bisa ƙwayar safe guda. Darasin farko yana tare da malam, daga tara ya tashi. A shekarun nan ne a ke kafa karatu da rubutu da jadawalin lissafi, duk abin da zai zo daga baya a kansu za a ɗora. In ya kai aji biyar yana haɗa baƙi da ƙyar, to, labarin ƙasa da kimiyya da tarihi duk sun rufe masa ƙofa, don ta karatu a ke shiga cikinsu. A lokacin ko an gyara awo ya natsu, natsuwa ce gaban littafin da bai iya karantawa ba. Ba a ce ƙwaya tana koyar da karatu ba. Wani gwaji da aka yi a Amurka da yara 173, aka bayyana a 2022, ya nuna in sun sha maganin su kan yi lissafi fiye da in ba su sha ba da kamar kashi 37 cikin 100, karya dokar aji kuma ta ragu da rabi, amma abin da suka koya na sabon darasi cikin 'yan makonnin bai bambanta ba. Aikin maganin shi ne ya zaunar da yaro gaban malam, sauran aiki na malam ne da na iyaye. Sai dai wanda bai zauna ba, ko malam ya kai malam ba ya samun inda zai zuba.

Illa ta biyu ta fi ta karatu wuyar gyara, ita ce ta suna. Cikin yaran binciken MTA an tambayi abokan ajinsu, aka tarar fiye da rabin masu ciwon 'yan ajinsu ba su son wasa da su, alhali cikin sauran yara 14 ne kawai cikin 100 ke haka. Abin tausayi kuma, bayan wata 14 na jinya, ko waɗanda halinsu ya gyaru ba su sami karɓuwa yadda ya kamata ba. Yara ba su saurin manta wanda ya saba ɓata musu wasa. Manya ma haka su ke, in an riga an ce wane fitinanne ne, in abu ya ɓace a gida shi za a fara kira. Ga wanda ke shan ƙaramin awo kuwa akwai wani ƙarin nauyi. Yaron da ba a san ciwonsa ba ana iya yi masa uzuri ranar da aka sani. Shi kuwa wannan an sani, an kashe kuɗi, ana ba shi magani kowace safiya, ga shi bai sāke ba, sai kowa ya yanke cewa halinsa ne. A kwana a tashi shi ma ya yarda. Yaron da ya girma yana ɗaukar kansa lalatacce wanda ko magani bai gyara ba, wannan tabo ya kan bi shi har gidan aurensa da wurin sana'arsa.

Ta uku ita ce wadda ke taɓa jiki da rai. A Denmak aka bi rajistar mutum kusan miliyan 2, aka bayyana a 2015 cewa masu wannan ciwo sun ninka sauran mutane wajen mutuwar ƙuruciya, ko da ya ke adadin kansa kaɗan ne, yawanci kuwa ta hatsari. A Amurka aka duba takardun mutum fiye da miliyan 2 masu ciwon, aka bayyana a 2017 cewa a watannin da su ke shan magani hatsarin mota ya ragu da kashi 38 cikin 100 ga maza, 42 ga mata. A Suwidin a 2012 aka duba mutum 25,656, aka ga aikata laifin da ke kai mutum kotu ya ragu da kashi 32 ga maza, 41 ga mata, a lokutan da su ke kan magani. A 2024 kuma, a Suwidin ɗin dai, cikin mutum 148,578 da aka gano ciwonsu, waɗanda suka fara magani an rasa kimanin 39 cikin kowane 10,000 a shekara biyu, waɗanda ba su fara ba kimanin 48. Lissafin Amurka da na Suwidin sun gwada shan magani ne da rashinsa. Amma tun da ya ke ƙwayar safe ta kan ƙare kafin azahar, saurayin da ya hau babur da la'asar daidai ya ke da wanda bai sha kome ba. Karayar ƙafa ɗaya, ko shiga gidan yari sau ɗaya, ta isa ta juya rayuwar mutum duka.

Akwai ta huɗu, wadda ba a cika lura da ita ba. In an daɗe bisa awon da bai isa ba, sai a ce an gwada magani bai yi ba. Daga nan ko dai a watsar da jinya gaba ɗaya, a koma ga bulala da masu tallan magani, ko kuwa a ƙara wa yaro wani magani mai nauyi don kwantar da faɗa, irin masu sa barci da ƙiba. Wani mai bincike Ba'amurke, Joseph Blader, da abokan aikinsa sun tara yara masu wannan ciwo tare da yawan faɗa da duka, waɗanda duk an riga an ba su maganin zaburarwa aka ga bai hana ba. Kafin a ƙara musu kome sai aka sake daidaita awon maganin nasu a tsanake, aka kuma koya wa iyaye dabarun tarbiyya. A rahoton da suka bayar a 2021, kimanin 6 cikin 10 faɗansu ya kwanta ba tare da an ƙara wani magani ba. Rijiya da ruwanta, igiyar guga ce ba ta kai ba.

BA A CE A YAWAITA BA

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka yawa shi ne alheri. Maganin ya kan rage cin abinci, ya kan hana barci in an sha da yamma liƙis, ya kan kawo ciwon kai ko ciwon ciki, ya ɗan ɗaga bugun zuciya da awon jini. In ya yi yawa sai a ga yaro ya yi tsit kamar ba shi ba, ba fara'a ba wasa, wannan kuwa ba shi a ke nema ba. Yaran MTA da aka bi har suka girma, waɗanda suka daɗe suna sha an tarar sun gaza waɗanda ba su sha sosai ba tsawo da kamar inci ɗaya. Mai ciwon zuciya, ko wanda a danginsu an taɓa mutuwar farat ɗaya da ƙuruciya, sai an bincika shi kafin a fara. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi sa metilfenidet cikin jerin magungunanta na dole a 2019 da 2021, ta ce hujjar amfaninsa na dogon lokaci ba ta gamsar da ita ba, ko da ya ke likitocin yara da yawa sun yi mata gardama.

Binciken MTA kansa yana da wani darasi game da wannan. Bayan wata 14 aka sallami yaran duka, kowa ya koma ga likitan garinsu. Waɗansu suka bar magani, waɗansu da ba su sha suka fara, ganin likita kowane wata ya tsaya. Da aka sake auna su shekara 3 daga farawa, ratar nan da ke tsakanin kashi huɗun ta ɓace. Masu sukar maganin su kan kafa hujja da wannan su ce amfaninsa ba ya ɗorewa. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne amfanin ya tsaya ne inda lura ta tsaya. Ba a daidaita awo sau ɗaya a ce an gama, kamar yadda ba a yanka wa yaro tabarau yana ɗan shekara 7 a ce shi ke nan har ya yi gemu.

ABIN DA IYAYE DA MALAMAI ZA SU LURA DA SHI

Likita ba ya ganin yaro sai 'yan mintoci, a ɗakin da babu abin da ke ɗauke hankali, yaro kuma yana jin tsoronsa. Idonsa na gaskiya su ne uwa da malamin aji. Saboda haka babu abin da ya fi amfani kamar ɗan littafi da za a riƙa rubuta lokacin da aka sha magani, da lokacin da natsuwa ta zo, da lokacin da ta tafi, da yadda ci da barci su ke. In malam ya ce da safe lafiya lau amma bayan tara sai a hankali, wannan alama ce maganin ba ya kai yini, gyaransa kuwa ƙara ta rana ne ko komawa ga mai dogon aiki. In ko da safen ma sauƙin kaɗan ne, ga shi yaro yana ci yana barci ba abin da ya dame shi, to, mai yiwuwa awon ne bai kai ba. In an kai ƙarshen awo babu biyan bukata, a kan gwada ɗaya dangin, don kimanin 7 cikin 10 ne ke jin na farko da aka ba su, waɗansu cikin sauran kuwa su kan ji na biyu. Wani lokaci kuma laifin ba na awo ba ne sam, yaro ne ba ya samun barci, ko kunnensa ba ya ji sosai, ko yana da wata nakasa ta karatu dabam, ko akwai abin da ke damunsa a gida.

Duk wannan hukunci na likita ne. Ba daidai ba ne uba ya ƙara da kansa, ba daidai ba ne kuma ya rage a ɓoye ya je ya ce wa likita ana ba da shi cif, don sai likita ya ɗauka babban awo ne ya kasa, ya yi hukunci bisa ƙarya. Wanda tsoro ko rashin kuɗi ya sa ya rage, ya faɗa a fili, akwai hanyoyi. Hukumar da ke tsara ƙa'idodin jinya a Ingila ta ce a 2018 a riƙa auna tsawon yaro kowane wata 6, nauyin ɗan shekara 10 zuwa ƙasa kowane wata 3, a duba bugun zuciya da awon jini duk sa'ad da aka sāke awo, a kuma zauna aƙalla sau ɗaya a shekara a duba ko har yanzu ana bukatar maganin. In rama ta yi yawa likita ya kan shirya hutun magani, kamar lokacin hutun makaranta. Hutun da aka shirya da sani dabam ya ke da ragin da aka yi a ɓoye. A Arewacin Nijeriya ana samun likitocin wannan fanni a asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kaduna da Maiduguri da Kware, da manyan asibitocin koyarwa. Kai yaro can ba ya nufin yana da taɓin hankali.

Saura maganar yankewar magani, wadda ba ta bar ko manyan ƙasashe ba. Amurka ta ba da sanarwar ƙarancin Adderall a watan Oktoba na 2022, Ingila kuma ta ba da tata bisa magunguna da dama na wannan ciwo a Satumba na 2023, mutane da yawa suka shiga tsallake kwanaki da raba ƙwaya. In haka ta faru, a sani yawancin ƙwayoyi masu dogon aiki, irin su Concerta, ba a raba su ba a tauna su, don an gina su ne su riƙa sakin magani kaɗan kaɗan, in an fasa sai tsarin ya lalace. Kada kuma a nemi madadi a tebur ko wurin mai yawo da magani a faranti, ko a ce goro da kofi za su tsaya a madadinsa. A koma wurin likita tun kwalba ba ta ƙare ba. Yana iya sauya wa yaro wani iri daga dangin, ko ya tsara waɗanne sa'o'i ne suka fi bukata, ko ya koma ga atomoksetin, wanda ba ya cikin masu zaburarwa, sai dai shi ya kan ɗauki makonni kafin aikinsa ya bayyana, don haka a sanar da malamin aji tun da wuri.